Dalilan Neman Shawarar Likita Daga Nesa a Kazaure da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilan da ke sa jama'ar Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa su nemi shawarar ma'aikacin lafiya ta waya maimakon su je gabansa. Abin da ake nufi da duba majinyaci daga nesa shi ne duk wata hulɗa ta neman lafiya wadda likita da majinyaci ba su haɗu ido da ido ba, ko ta kira, ko ta saƙon murya, ko ta hoto. Za mu nuna cewa galibin masu yin haka amsar tambaya ɗaya suke nema, wato shin wannan ciwo ya kai a ɗauki hanyar asibiti, ko kuwa a dakata?

2.0 Asalin Al'adar

Neman magani ta hanyar aike ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin da, maigida kan tura yaro wurin malami ko boka ko ungozoma ya bayyana ciwon matar da ke cikin kulle, a ba shi rubutu ko saiwa ya komo da shi. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sai ta gaji aikin ɗan aike, ta kuma fi shi sauri da riƙe saƙo. Ita ma gwamnatin tarayya ta gwada haɗa wasu manyan asibitoci ta tauraron ɗan'adam bayan harba NigComSat-1 a 2007, amma tauraron ya lalace a 2008. Abin da ya zauna a karkara shi ne kiran waya, daga baya kuma saƙon WhatsApp.

3.0 Dalilai

Dalili na farko shi ne nisa. Waɗannan ƙananan hukumomi suna can kusurwar arewa maso yammacin Jihar Jigawa: Roni da Gwiwa sun yi iyaka da Jihar Katsina, Ɓaɓura kuwa tana kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Akwai babban asibiti a Kazaure da Ɓaɓura, amma ƙwararrun likitoci sun fi taruwa a manyan birane. Ko da yake an cire Jigawa daga Jihar Kano a 1991, Kano ta fi Dutse kusa da mutumin Kazaure, don haka idan ciwo ya yi tsanani ya kan nufi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kafin ya yi wannan tafiya, dole ya so ya tabbatar akwai bukatarta.

Dalili na biyu shi ne kuɗi da lokaci. Majinyaci ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mai jinya, wato kuɗin mota na mutum biyu ke nan, ga abinci, ga yankan kati, ga bin layi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Haka kuma lokacin da zazzabin cizon sauro ya fi yawa, wato damina, shi ne lokacin da manomi ba ya iya barin gona ko da yini guda.

Dalili na uku shi ne kunya. Akwai cututtukan da Bahaushe ba ya son faɗa a gaban jama'a, kamar basir da ciwon sanyi. Mai cikin fari ma kunya kan hana ta bayyana halin da take ciki, musamman ga namiji. Waya kan zame wa irin waɗannan mutane labule.

Dalili na huɗu shi ne ciwon da ba ya ƙarewa, irin su hawan jini da ciwon sukari da sikila. Wanda likita ya riga ya san shi yana iya auna jininsa a ɗakin shan magani na garinsu, ya aika da sakamakon, a ce masa ya ci gaba da magani ko ya zo.

Dalili na biyar shi ne tilas. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an kulle Kano, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A wannan lokaci mutane da yawa suka koma ga waya don babu wata hanya.

4.0 Iyakar Amfaninta

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Likita ba ya iya taɓa ciki ko sauraren ƙirji ta waya, kuma ba kowane mai amsa kira ba ne ya cancanci a kira shi likita. A 1994 Thaddeus da Maine sun nuna jinkiri iri uku da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Waya tana iya rage na farko idan an ce wa iyali su taso nan take, tana iya rage na biyu idan an kira direba. Amma tana iya tsawaita na farkon idan aka tsaya tura saƙonni alhali mace na zubar da jini, ko naƙuda ta doshi yini, ko yaro na jijjiga. Waɗannan ba su da magani sai asibiti.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa nisa da tsada da kunya da doguwar cuta da tilas su ne ke kai mutanen wannan yanki ga waya. Tun da al'adar ta riga ta kafu, abin da ya kamata hukumomin lafiya su yi shi ne su tsara ta: a ba kowane babban asibiti lamba sananniya wadda ƙwararren ma'aikaci zai riƙa amsawa da Hausa da Fillanci dare da rana, a kuma koya wa jama'a alamomin da ba a jira a kansu.