Yadda Ilimin Halittu Da Lissafi Ke Bayyana Yaɗuwar Kwalara Ta Hanyar Abinci

A shekarar 2021, Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta ƙididdige mutane sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da cutar kwalara, fiye da 3,600 daga cikinsu suka rasu. Jihar Bauchi ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu.

Gurɓataccen ruwa aka fi ɗora wa alhaki, amma ƙwayar cutar mai suna Vibrio cholerae tana samun mafaka a cikin abinci. Shinkafar da aka dafa da hantsi a wani gida ko wurin sayar da abinci a unguwar Gwallaga ta birnin Bauchi tana sauka daga wuta ba tare da ƙwayar ba, domin zafin girki na kashe ta. Haɗarin yana farawa ne idan hannu marar tsabta ko gurɓataccen ruwa ya taɓa ta bayan ta huce, aka kuma ajiye ta har dare.

A nan ne masana ilimin halittu da masana lissafi ke haɗa hannu. Na farko suna auna saurin hayayyafar ƙwayar a ɗakin gwaji bisa zafi da tsamin abinci, na biyu kuma su mayar da sakamakon tsarin lissafi mai hasashen abin da zai faru. Idan ƙwaya tana rabuwa gida biyu duk bayan minti 20, kamar yadda takan yi a yanayin da ya fi dacewa da ita, ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin awa 7. A cikin abinci saurin yakan ragu, amma ninkawar ba ta sauya ba.

Binciken da aka yi a Mali lokacin annobar 1984 ya danganta cutar da shan kunun gero da aka ajiye ya daɗe. An gano cewa nono mai tsami da ake zubawa a kunun yana hana ƙwayar rayuwa, sai dai fari ya sa nonon ya yi ƙaranci a lokacin.

Ana amfani da lissafi har wajen fahimtar yaɗuwar cutar a cikin al'umma. A 1927, Kermack da McKendrick suka kasa jama'a gida uku: masu iya kamuwa, waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke. A 2001, Cláudia Codeço ta ƙasar Brazil ta ƙara yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwa a tsarin. Daga baya gwaji ya nuna cewa ƙwayar da ta fito daga jikin majinyaci ta fi saurin kama mutum a awannin farko. Da aka shigar da wannan cikin lissafin a 2006, sai aka ƙara fahimtar dalilin da ya sa cutar ke bazuwa cikin gida ɗaya kamar wutar daji.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne, awannin da abinci ya yi a ajiye suna iya raba lafiya da jinya. Don haka ake shawartar jama'a da su ci abinci da zafinsa, su sake dafa wanda ya kwana har ya tafasa, su kuma wanke hannu da sabulu, musamman a gidan da ke da majinyaci.