Alhakin Mutuwar Almasihu a Koyarwar Kirista

Gabatarwa

Tambayar da wannan takarda ta ɗauko ita ce: a koyarwar Kirista, a wuyan wa alhakin mutuwar Almasihu yake? Tun da farko ya kamata a shata iyaka. Musulunci bai yarda an kashe Annabi Isa ko an gicciye shi ba, kamar yadda aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta nuna, saboda haka tambayar ba ta taso a can ba. Abin da za a bi a nan shi ne abin da Kirista da kansu suka rubuta, suka kuma koyar. Dalilin da ya sa batun ya cancanci zaman malamai kuwa shi ne, wata amsa da aka daɗe ana bayarwa, watau cewa Yahudawa duka ne suka kashe shi, ta yi sanadin zubar da jini mai yawa, alhali littattafan da aka dogara da su ba su tsaya a kanta ba.

Abin da tarihi ya tabbatar

An gicciye Yesu a Urushalima wajen shekara ta 30 ko ta 33, lokacin Idin Ƙetarewa. Ƙasar Yahudiya a sa'an nan tana hannun Romawa, gwamnanta kuwa Bilatus Babunti ne, wanda ya riƙe ta daga shekara ta 26 zuwa ta 36. An tono wani dutse mai ɗauke da sunansa a Kaisariya a 1961. Marubucin tarihin nan na Roma, Tasitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya sa aka kashe Almasihu a zamanin Kaisar Tibariyas. Irin kisan ma shaida ce. Gicciyewa hukuncin Romawa ne, na bayi da 'yan tawaye. Hukuncin saɓo a Attaura jifa ne. Laifin da aka rubuta a bisa gicciyen kuma na siyasa ne, watau da'awar sarautar Yahudawa.

Wannan bai wanke manyan firistoci ba. Linjila huɗu sun haɗu a kan cewa su ne suka sa aka kama shi, suka kai ƙararsa. Amma a lura da ko su wane ne. Babban firist Kayafa gwamnan Romawa ne ya naɗa shi a shekara ta 18, ya kuwa daɗe a kan mulki har wajen shekara 18, abin da ba ya samuwa sai ga wanda ya iya zama da masu ƙasa. Linjilar Yahaya (11:48-50) ta nuna tsoronsu shi ne kada tarzoma ta tashi Romawa su rushe Haikali. Ke nan 'yan tsirarun masu sarauta ne, masu tsaron kujerunsu, suka haɗa kai da mai mulkin mallaka. Akasarin Yahudawan zamanin ma ba a ƙasar suke zaune ba, suna warwatse a Masar da Babila da Roma. Yesu kansa Bayahude ne, haka uwarsa, haka manzanninsa duka.

Kalma ɗaya, hannuwa biyar

Inda koyarwar ta fi zurfi shi ne wajen wata kalmar Helenanci, paradidomi, wadda ma'anarta ita ce miƙa wani a hannun wani. Wanda ya bi sawunta a Sabon Alkawari zai ga abin mamaki. A Markus 14:10 Yahuza Iskariyoti ne ya miƙa Yesu ga firistoci. A 15:1 firistoci suka miƙa shi ga Bilatus. A 15:15 Bilatus ya miƙa shi ga masu gicciyewa. Zuwa nan labarin mutane ne, kowa yana ture abin daga hannunsa zuwa na gaba. Sai ga manzo Bulus a Romawa 8:32 ya ɗauki wannan kalma ya ce Allah ne ya miƙa Ɗansa, a Galatiyawa 2:20 kuma ya ce Almasihu ne ya miƙa kansa. Yahaya 10:18 ya ƙarfafa wannan, inda Yesu ya nuna ba wanda ya ƙwace ransa, shi ya ba da shi da yardarsa.

Ashe ke nan tambayar ba guda ba ce. Akwai wanda ya ci amana, akwai wanda ya kai ƙara, akwai wanda ya yanke hukunci, sa'an nan akwai nufin Allah da ya gabaci su duka. Ayyukan Manzanni 4:27-28 ya jera Hirudus da Bilatus da al'ummai da mutanen Isra'ila wuri guda, ya ce abin da aka riga aka ƙaddara suka aikata. Ƙaddarar ba ta ɗauke musu laifi ba, wannan kuwa tsohuwar matsala ce da malaman tauhidi na kowane addini suka sani. Sai dai nassin ya rage nauyin laifin da rashin sani: Bitrus ya faɗi haka a Ayyukan Manzanni 3:17, Luka 23:34 kuma ya kawo addu'ar Yesu ta neman gafara ga masu kisansa a kan wannan hujja.

Saura mataki ɗaya, wanda shi ne cibiyar akidar. Idan Almasihu ya mutu saboda zunuban mutane ne, kamar yadda 1 Korintiyawa 15:3 ya koyar, to, sanadin mutuwar yana wuyan kowane mai zunubi, har da mai karanta nassin. Kirista da ya nuna wani da yatsa a wannan batu ya fitar da kansa daga cikin waɗanda aka mutu dominsu.

Yadda aka karkata

To, ta yaya aka bar wannan aka koma zargin al'umma guda? Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, marubutan Kirista kamar Orijin da Yusibiyas suka fassara wannan da cewa sakayya ce. Har wa yau, ikkilisiya tana ta cika da waɗanda ba Yahudawa ba, tana kuma neman zama lafiya da daular Roma. Sai aka shiga sassauta wa Bilatus. Tartuliyan, wajen shekara ta 197, ya ɗauke shi kamar Kirista ne a zuci, Ikkilisiyar Habasha ma ta sa shi cikin waliyyai. Abin ban mamaki ne ga mutumin da Filo da Yusufus suka siffanta da taurin kai da zalunci, wanda kuma aka tuɓe a shekara ta 36 bayan ya karkashe Samariyawa.

Nauyin da aka sauke daga kansa sai ya koma kan Yahudawa. Melito, bishop na Sardis, a wata huɗubar Idin Ƙetarewa wajen shekara ta 170, ya zargi Isra'ila da kashe Allah. Yahaya Kirisostom ya yi jerin huɗubobi masu zafi a kansu a Antakiya a 386 da 387. Ayar da aka fi riƙewa ita ce Matiyu 27:25, inda taron da ke gaban Bilatus suka ɗauki alhakin jinin a kansu da 'ya'yansu. A ganina nan ne fassara ta fi ɓata. Maganar wani taro a fili guda, a safiya guda, aka mai da ita hukuncin Allah a kan zuriya har abada, alhali Ezekiyel 18:20 ya hana a ɗora wa ɗa laifin ubansa, Bulus kuma a Romawa sura ta 11 ya musanta cewa Allah ya yar da jama'arsa. Sakamakon ya fito fili a 1096, sa'ad da mayaƙan gicciye suka karkashe Yahudawan Worms da Mainz a ƙasar Jamus. A wurare da yawa na Turai makon tunawa da gicciyewa ya zama lokacin da Bayahude yake kulle ƙofarsa.

Duk da haka, zargin bai shiga shikashikan akida ba. Ƙa'idar bangaskiya ta Nikiya, yadda aka kammala ta a 381, sunan Bilatus kaɗai ta ambata a batun gicciyewa. Katakizim na Majalisar Tirent, na 1566, ya ɗora alhakin a kan masu zunubi, har ya ce laifin Kirista mai komawa ga zunubi ya fi na Yahudawan zamanin, domin su ba su san wanda suke kashewa ba, shi kuwa yana da'awar ya sani. Matsalar ita ce, abin da ke cikin littafi daban, abin da ake ji a kan mumbari daban.

Gyara

Kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan 6 shi ya tilasta wa ikkilisiyoyi duba harshensu, ko da yake akidar Nazi ta jinsi ce, ba ta addini ba. A 1947 wasu Kirista da Yahudawa suka zauna a Seelisberg ta ƙasar Suwizalan suka fitar da shawarwari 10 ga masu wa'azi. A 1959 Paparoma Yahaya na 23 ya cire kalmar da ke siffanta Yahudawa da rashin amana daga addu'ar Jumma'ar gicciyewa. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya, a taronta na New Delhi a 1961, ta nemi kada a ɗora wa Yahudawan yau alhakin da yake na 'yan Adam duka. Ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta zartar da takardar Nostra Aetate da ƙuri'a 2,221, masu ƙi 88. Ta yarda cewa shugabannin Yahudawa da mabiyansu sun matsa a kashe shi, amma ta hana a ɗora abin a kan dukan Yahudawan wancan zamani, balle na yanzu. Katakizim na 1992 ya maimaita wannan a sakin layi na 597 da 598, ya kuma dawo da maganar Tirent.

Akwai ragowar aiki da ya shafi masu fassara, har da masu fassara zuwa Hausa. Linjilar Yahaya ta yi amfani da kalmar Helenanci ta Yahudawa wajen sau 70. Wani wuri tana nufin al'umma, wani wuri mazauna lardin Yahudiya, sau da yawa kuwa hukumomin Urushalima. Dubi 7:13, inda aka ce jama'ar da suka zo idi suna tsoron Yahudawa, alhali su ma Yahudawa ne. Ba shakka shugabanni ake nufi. Mai fassara da ya sa kalma ɗaya a ko'ina ya bi harafi, amma mai sauraro a majami'a zai ji al'umma guda ake zargi. Wanda ya rubuta shugabannin Yahudawa kuma ya shigar da sharhinsa cikin nassi. Wasu fassarorin zamani sun bi hanya ta biyu, wasu sun bar kalmar suka yi bayani a ƙasan shafi. Ga nassin da aka fi jin sa da kunne fiye da karanta shi, bayanin ƙasan shafi ba ya kai wa ga mai sauraro sai in mai wa'azi ya ɗauko shi.