Ranar Da Izinin Matuƙin Jirgi Ke Ƙarewa

Direban da ke jigilar mutane daga Ɗan Isa zuwa Ƙaura Namoda ko Shinkafi ya san lasisinsa na shekara 3 ne ko 5, kuma idan wa'adi ya cika sai ya biya a sabunta masa. Matuƙin jirgin sama kuwa, ko da ƙaramin jirgi yake tuƙawa don kansa ba don haya ba, kuɗi kaɗai ba ya sabunta masa komai. A cikin lasisinsa akwai izini na musamman ga kowane irin jirgi, kowane izini kuma da ranar ƙarewarsa. Ɗan Zamfaran da ya shiga kwalejin tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, zai rayu da wannan lissafi muddin yana tashi sama. Hukumar NCAA ce ke ba da lasisi a Najeriya, bisa ma'aunin hukumar duniya ta ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944.

Dokar Tarayyar Turai ta fayyace lissafin ƙwarai, shi ya sa ta fi daɗin misali. Izinin jirgi mai inji ɗaya shekara 2 yake yi, kuma yakan kai ƙarshen wata. Hanyar sabunta shi biyu ce. Ko dai matuƙi ya hau jirgi da mai jarrabawa a cikin wata 3 na ƙarshe, ko kuma a cikin wata 12 na ƙarshe ya tara awa 12 a sama, 6 daga ciki shi ne shugaban jirgin, da tashi 12 da sauka 12, da aƙalla awa 1 tare da malami. Duk wannan a littafin shawaginsa ake dubawa, layi bayan layi: kwanan wata, lambar jirgi, inda ya tashi, inda ya sauka, da sa hannun malamin.

A ce izinin mutum zai ƙare ran 31 ga Janairu 2027, ya ci jarrabawa ran 10 ga Nuwamba 2026. Sabuwar ranar da za a rubuta masa ita ce 31 ga Janairu 2029, domin daga tsohon wa'adi ake ƙirgawa. Da ya yi gaggawa ya gwada a Agusta, daga lokacin gwajin za a fara, ya ƙare a ƙarshen Agusta 2028. A ganina wannan tsari adalci ne, kuma yana kare rai. Da daga ranar gwaji ake ƙirgawa kullum, duk wanda ya zo da wuri sai ya yi asarar watanni, kowa kuma sai ya jira makon ƙarshe. Mu da muka san hunturu mun san abin da makon ƙarshen Janairu ke iya zama: hazo ya rufe Kano da Sakkwato da Katsina, ƙaramin jirgin da matuƙinsa ke dogara da ganin ƙasa da ido ya kwana a ajiye. Wanda wa'adi ya matsa wa shi ne ke kasadar tashi a ranar da bai kamata ba.

Wani zai ce ai ke nan mutum na iya yin wata 27 babu wanda ya gwada hannunsa. Gaskiya ne, amma shi ya sa aka tsayar da rangwamen jarrabawa a wata 3, kuma a Turai da Amurka matuƙi ba ya ɗaukar fasinja sai ya yi tashi 3 da sauka 3 a cikin kwana 90 da suka wuce. Ƙorafin tsada ya fi ƙarfi, domin hayar jirgi da mansa na awa 12 ba ƙaramin kuɗi ba ne. To amma doka ta bar wa mai ƙaramin ƙarfi hanyar tashi ɗaya da mai jarrabawa. Abin da ya fi tsada shi ne sakaci har ranar ta wuce, ko da kwana ɗaya ne: tarin awanni ba ya ƙara amfani, sai makarantar tuƙi ko malami su duba ko yana buƙatar ƙarin horo, sannan ya sake cin jarrabawa kafin a rubuta masa sabon wa'adi.