Italiya 1938: takardar ƙidayar da ta kai mutane Auschwitz

Ranar 22 ga watan Agusta na 1938, ma'aikatan gwamnatin Italiya suka bi gidajen Yahudawan ƙasar da wata takarda. Ba bindiga a hannunsu, ba sanda. Suna, adireshi, sana'a da addini na cikin abubuwan da ake tambaya. Da aka gama lissafi an sami mutum 58,412 da aƙalla ɗaya daga cikin iyayensu Bayahude ne, wajen 47,000 daga ciki su ke bin addinin. Wato mutum ɗaya ke nan cikin dubu na jama'ar ƙasar.

Masu karatu za su tambaya, mene ne laifin waɗannan mutane? Babu. Yahudawa sun fi shekara dubu biyu a birnin Rum, tun kafin zuwan addinin Kirista. Sun yi wa Italiya yaƙin duniya na farko. Wasunsu ma ƴan jam'iyyar Fashist ta Musolini ne tun da ya hau mulki a 1922: Guido Jung, Bayahude, shi ya riƙe masa ma'aikatar kuɗi daga 1932 zuwa 1935, Margherita Sarfatti kuma ita ta rubuta littafin tarihinsa da ya yaɗa sunansa a duniya.

An daɗe ana cewa Hitila ne ya tilasta wa Musolini wannan aiki. Mu dai ba mu gamsu ba, domin a Afirka aka fara gwada shi, babu Bajamushe ko ɗaya a wurin. A maƙwabciyarmu Libiya, tsakanin 1930 da 1933, an kwashe wajen mutum dubu ɗari daga yankin Barka aka zuba su a sansanoni cikin hamada, dubun-dubata suka mutu. A ɗaya daga cikin sansanonin, Suluk, aka rataye Shaihu Umar Mukhtar a 1931. Bayan cin Habasha, dokar Afrilu 1937 ta yanke ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar ga duk Ba'italiyen da ya ajiye ƴar ƙasa zaman aure. Gwamnatin da ta saba auna jinin mutane a Adis Ababa, ba wuya ta auna shi a gida.

Bayan ƙidayar, dokoki suka riƙa zuwa kamar ruwan Agusta. Ranar 5 ga Satumba aka kori yaran Yahudawa da malamansu daga makarantun gwamnati, har da manyan malaman jami'a 96. Kwana biyu bayan haka aka ba Yahudawa baƙi wata shida su bar ƙasar, aka ƙwace takardar zama ɗan ƙasa daga waɗanda suka same ta bayan farkon 1919. Ranar 17 ga Nuwamba babbar dokar ta fito: ba aure tsakaninsu da sauran ƴan ƙasa, ba aikin soja, ba aikin gwamnati, ba mallakar manyan gonaki ko masana'anta mai ma'aikata ɗari. Sarki Vittorio Emanuele na uku ya sa hannu a kansu duka. An buɗe ofishi na musamman a ma'aikatar cikin gida, ana ce masa Demorazza, aikinsa ajiye sunayen da tantance wane ne Bayahude.

Sai kuma ƙananan umarni, waɗanda a ganinmu su suka fi nuna zuciyar mulkin. Aka goge sunayensu daga littafin lambobin tarho. In mutum ya rasu, ba a yarda a buga sanarwar mutuwarsa a jarida ba. Da aka shiga yaƙi, ƴan sanda suka bi gidaje suna karɓe akwatunan rediyo. Mu da muke aikin rediyo mun san abin da ake nufi in an raba gida da akwatinsa: an toshe masa kunne ke nan, ba zai ji abin da ke tafe ba. Liliana Segre tana da shekara takwas aka hana ta komawa aji a Milan. Daga baya ta shiga Auschwitz ta fito da rai, a 2018 aka naɗa ta sanata ta tsawon rayuwa.

Ba Yahudawa kaɗai ba. An rufe makarantun ƴan Silobeniya da ke gabashin ƙasar, aka juya musu sunayen iyali zuwa Italiyanci. An hana cocin Fentikos ibada a 1935. Daga Satumba 1940 aka shiga tsare makiyayan hanya na al'ummar Rom, waɗanda Faransawa ke ce wa Tsigan.

Dokokin sun ƙetare teku. A 1942 aka kwashi Yahudawan Bangazi da kewaye, wajen 2,600, zuwa sansanin Jado a duwatsun kudu maso yammacin Tarabulus (kada a haɗa shi da Jadonmu na wajen Kawar). Yunwa da zazzaɓin ƙwarƙwata suka kashe 562 daga cikinsu. Sojojin Ingila ne suka iso wurin a Janairu 1943.

A Italiya kanta, har faɗuwar Musolini a Yuli 1943 ba a miƙa Yahudawan cikin ƙasar ga Jamus ba, masu kare shi kuma nan suke fakewa. Amma takardun suna nan a ofis, an bi su an gyara shekara biyar. Da Jamusawa suka mamaye ƙasar a Satumba, ba su sha wahalar nema ba. A Rum shugaban ƴan sandansu, Kappler, ya nemi zinariya kilo 50 cikin awa 36, da alkawarin ba za a taɓa kowa ba. Aka tara aka kai. Ranar Asabar 16 ga Oktoba da asuba sojoji suka bi ƙofa-ƙofa da jerin sunaye da adireshi. Sun kama mutum 1,259, suka ɗora sama da dubu a jirgin ƙasa zuwa Auschwitz. Mutum 16 suka dawo, mace ɗaya ce a cikinsu.

Musolini, da Jamusawa suka maido shi mulkin arewacin ƙasar, gwamnatinsa ta ba da umarni ranar 30 ga Nuwamba a kama duk Bayahude a ƙwace dukiyarsa. Daga nan ƴan sandan Italiya suka shiga kamen da hannunsu, ana tara mutane a sansanin Fossoli kafin jirgi. Sama da mutum 7,000 suka halaka. Mafi yawan Yahudawan ƙasar sun tsira, kuma alhakin wannan yana wuyan talakawa, manoma, limaman coci da ƴan zuhudu da suka ɓoye su, da masu buga takardun shaida na jabu da suka sa ransu a kai.

Da yaƙi ya ƙare, afuwar 1946 ta rufe mafi yawan shari'o'in ƴan Fashist. Gaetano Azzariti, alƙalin da ya shugabanci kwamitin da ake kira kotun launin fata, mai duba wanda za a cire daga jerin Yahudawa, ya zama shugaban kotun tsarin mulkin Italiya a 1957, yana kan kujerar har ya rasu a 1961. Sai a 2015 birnin Naples ya cire sunansa daga wani titi, ya sa na Luciana Pacifici, jaririya ƴar wata takwas da ta mutu a hanyar Auschwitz.