Ɗanka ya gama kundin digiri na biyu, ya zarce dakta ko ya dakata?

Jama'a, a shirinmu na wannan mako mun taɓo maganar da ke tasowa a gidajen da suka sa yara boko. Yaro ya kammala digiri na biyu, wanda ake ce wa mastar a Nijar, a kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, ya ce zai zarce dakta. Uba kuwa yana duban garkensa da jarinsa.

Da farko, mene ne wannan fanni? Ƙirƙirarriyar basira na'ura ce da ake koya wa yanke hukunci daga tarin misalai: ta gane fuska, ta zaɓi wanda za a ba bashi. Masu nazarin ɗa'arta su ne ke tambaya: in ta yi kuskure, wa ta cuta, wa zai amsa? Kai da ake ɗaukar hotonka da zanen yatsunka wajen katin shaida, maganar ta shafe ka.

Ga misali. Joy Buolamwini, mai asali da Ghana, ta rubuta kundinta na digiri na biyu a jami'ar MIT ta Amurka a 2017. Ta gwada manhajojin IBM da Microsoft da Face++ da hotuna 1,270, a ga ko za su bambanta mace da namiji. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan baƙaƙen mata ya kai kusan kashi 35. Dalili? Yawancin fuskokin da aka koya wa na'urorin na farare ne. Ta ci gaba da bin sawun matsalar har ta samu dakta a 2022.

Abin lura, tambaya ce ta ja ta, ba lambar girma ba. Digirin dakta yakan ci shekara 3 ko fiye, kuma bincike ne zalla. To, kafin a kai sa kasuwa, a zaunar da yaron a tambaye shi abu uku.

Wace tambaya ce kundinsa ya bari ba amsa? In bai iya faɗa maka da Hausa ko Fulatanci ka gane ba, da saura.

Wane malami ne ya yarda zai duba aikin? Ɗalibi ba malami garke ne ba makiyayi.

Wa zai biya? A nemi tallafin karatu tukuna, kada a taɓa shanun haihuwa.

In ukun nan sun cika, a sa masa albarka. In ba su cika ba, ya kama aiki, ƙofar ba ta rufewa. Tun 2021 ƙasashe 193 suka amince da ƙa'idojin UNESCO kan wannan fanni, kuma aiwatar da su na bukatar masu ilmi da suka san kasuwar iyaka da mashaya.