Sabuwar ordinater ta ƙi tashi: a bincika kafin a sake kashe kuɗi

A ƴan shekarun nan, daga kasuwar Dole ta Damagaram har babbar kasuwar Maraɗi, ƴan kasuwa da dama sun koma ajiye lissafin kaya da na bashi cikin kwamfuta, wadda muka fi sani da ordinater. Wasu kuma shagon buga takardu suke buɗewa da ita. Da yake wadda kamfani ya haɗa tana da tsada, akan sayi kayan cikinta ɗai-ɗai, na Kano ko na Dubai, a ba wani yaro mai hannu ya harhaɗa. To a ce Hajiya ta ɗauki adashi ta zuba shi kaf a ciki, an kawo na'ura shago, an danna maɓalli, sai shiru. Ko ƴar fitila ba ta kama ba.

A nan ne ake yawan yin asara ta biyu, domin mai gyara mai gaggawa zai ce babban faifan ciki, wato kart mer, ya ƙone, a kawo kuɗin wani. Alhali kuwa sabuwar na'ura da ta ƙi tashi ranar farko, sau da yawa wani ɗan abu ne aka manta wajen haɗi.

Mai shago da kansa yana iya fara bincike ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba. A jona cajar salula a piriz ɗin a ga ko akwai kuran. A cire wayar nan mai baki da yawa da ake jona kowane tarkace a kanta, a haɗa na'ura kai tsaye da bango. Sannan a leƙa bayan akwati: wurin da wayar kuran ke shiga akwai ɗan makunni mai alamar I da O, in yana kan O babu abin da zai motsa. Kusa da shi, a kan wasu tsofaffin akwatunan wuta, akwai wani jan maɓalli mai lamba 115 da 230, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Kuran ɗin Nijar bolt 220 ne, na Amurka kuwa bai wuce 120 ba. Kayan gwanjo da suka fito can suna iya zuwa a kan 115, in aka jona haka sai ƙara da hayaƙi.

In duk wannan lafiya lau ne, sai a kira wanda ya haɗa, a zare waya daga bango, ya buɗe a gabanku. Wayoyi biyu ne ke kai wuta ga kart mer: babba mai baki 24, da ƙarama mai baki 4 ko 8 wadda ke ciyar da ƙwaƙwalwar na'ura. Ƙaramar ce aka fi mantawa da ita, domin tana can lungu ta sama. Alamarta sananniya ce: fanka tana juyawa, fitila ta kama, amma ekaran baƙi ƙirin. Haka ma baret, ƴan sandunan nan da ake kira RAM, suke yi in ba su zauna daram ba. Sai an danna su har maƙallinsu ya yi ƙas. In biyu ne, a gwada da ɗaya, sannan ɗayar. Wani lokaci ma ekaran ne aka jona a ramin kart mer alhali an sa katin hoto na daban, wanda nasa ramin yana ƙasa.

Shi kansa maɓallin gaba, siririyar waya ce ke haɗa shi da wasu allurai biyu a kan faifan, kuma saɓa su abu ne mai sauƙi. Gwani yakan taɓa alluran biyu da bakin turnabis. In na'ura ta tashi, an gano ɓarawon, kuma gyaransa bai kai kuɗin shayi ba.

Akwai kuma wadda ke tashi, ta yi ɗan lokaci, ta mutu. Wannan a fara zargin zafi. Sabon abin sanyaya ƙwaƙwalwa yakan zo da ƴar leda manne a gindinsa, in ba a ɓare ta ba, ko ba a shafa man da ke tsakaninsu ba, na'ura za ta kashe kanta don kada ta ƙone. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa da Yamai, ko ƙaramin sakaci ya isa. In ba zafi ba ne, to akwatin wutar ne, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo. A ganina nan ne bai kamata a yi rowa ba. Wani an rubuta masa wat 500 amma in ka ɗauka ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma ranar da zai mutu yana iya tafiya da kart mer. Kada kowa ya buɗe shi ko da an zare waya, domin yana riƙe wuta a cikinsa.

Saura batun kuran ɗinmu. Kafin 2023, mafi yawan wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a kudancin ƙasa daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya tuna watan Agustan 2023 da aka yanke ta, aka koma kan injin. Ɗaukewar wuta ba ta kai dawowarta haɗari ba, don takan dawo da ƙarfi. Regilater yana daidaita hawa da sauka, ondiler kuma yana da batir da zai ba ku ƴan mintoci ku ajiye lissafi ku kashe na'ura a natse. Mai aiki da gurup ya bari injin ya tashi, muryarsa ta daidaita, sannan ya jona; in zai kashe kuma, na'ura ce farko. Wanda akwatinsa ke ɗan jan hannu in an taɓa, gidan ne ba shi da wayar ƙasa, aikin mai haɗa kuran ne.

Wanda bai riga ya saya ba, kada ya cika kuɗi sai an kunna na'urar a gabansa, ta yi aiki awa guda ko biyu, an kashe an sake kunnawa sau da yawa. A karɓi rasit mai sunan kowane kaya, a rubuta kwanakin garanti a kai, a kuma ajiye kwalayen, domin da su ake mayar da kayan da ya zo da matsala.