Gidan Haya a Tenby: Hutun Baƙo, Kukan Ɗan Gari

Duk ranar Asabar a watan Agusta, garin Tenby da ke kudu maso yammacin Wales yakan sauya mutane. Da misalin ƙarfe goma na safe baƙin makon jiya sun haɗa kayansu sun mayar da makulli, zuwa ƙarfe huɗu na yamma wasu sun iso. A ɗan tsakanin nan masu shara da wanki ke ta kai da komo daga wannan gida zuwa wancan, suna sauya zannuwan gado, suna goge ɗakin girki. Gidajen da ake yi wa wannan hidima su ne gidajen hutu na haya. Gida ne sukutum, da kujeru da gadaje da tukwane, mutum ya biya kuɗin mako guda ya shiga da iyalinsa, ya dafa abin da ransa ke so, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ba abin mamaki ba ne a yi rububin garin. Mazaunansa ba su kai dubu biyar ba, amma Allah ya yi masa kyau. Tsohon garin na cikin ganuwar dutse da aka fara ginawa tun ƙarni na 13, gidajensa masu fenti kala-kala suna kallon tashar jiragen ruwa, ga rairayin bakin teku ta arewa da ta kudu. Daga tashar ake shiga kwalekwale zuwa tsibirin Caldey, inda wasu Kiristoci masu zaman ibada suka keɓe kansu. A nan kuma aka haifi Robert Recorde, wanda ya ƙirƙiro alamar daidai (=) a shekarar 1557, alamar da kowane ɗan firamare ke rubutawa yau. Wani attajiri, Sir William Paxton, shi ya zuba dukiya a farkon ƙarni na 19 ya mayar da garin wurin wankan teku na masu hali. Da jirgin ƙasa ya iso a 1863, sai talakawa ma suka samu hanya.

Kama gidan ba shi da wuya. Ana nema ta Airbnb ko Booking.com, ko ta kamfanonin dillancin gidajen hutu, ko kai tsaye daga mai gida. Akan ba da kafin alƙalami, a cika sauran kuɗin makonni kafin tafiya. Sau da yawa ba za ka ga mai gidan da idonka ba, domin lambobin sirri za a turo maka na wani ɗan akwati da ke jikin bango, makullin na ciki. Farashi kuwa yana bin hutun makaranta. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba kuɗi kan yi tashin gwauron zabo, a watan Nuwamba kuma gidan nan dai yana iya yin mako da makonni ba kowa. Abu biyu ya kamata mai haya ya tambaya tun da wuri. Na farko wurin ajiye mota, domin titunan cikin ganuwa matsattsu ne, kuma a tsakiyar bazara ana hana motoci shiga da rana. Na biyu jadawalin cikowa da janyewar teku: a wannan gaɓa ruwa kan janye har jiragen tasha su zauna a kan yashi, sannan ya dawo da sauri. Mai yara ya tsaya tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, inda masu ceto ke sa ido.

Ga iyalanmu da ke zaune a Landan ko Birmingham ko Cardiff, wannan tsari ya fi otal daɗi nesa ba kusa ba. Uwargida ta zo da namanta na halal da garin tuwonta, a samu falon da za a yi jam'in salla, kaka da jikoki duk a rufi ɗaya. Shi ya sa nake ganin ya dace mu san abin da ke bayan ƙofar da muke buɗewa.

Da dama daga cikin waɗannan gidaje ba don baƙi aka gina su ba. Gidajen masunta ne da leburori da ƙananan 'yan kasuwa. Mai gida ya lura cewa abin da zai samu a makonnin bazara daga 'yan hutu ya fi abin da ɗan gari zai biya shi a watanni, sai ya sallami ɗan haya. Attajiri daga wani birni ya sayi na kusa, ya riƙa zuwa sau biyu ko uku a shekara. Farashin gidaje ya haura, albashin yankin kuwa yana nan inda yake, domin aikin da ake samu na otal ne da gidan abinci, wanda ke ƙarewa da ƙarewar bazara. Matar da ke gyara gadon baƙi ranar Asabar sau da yawa daga wani ƙauye take zuwa, saboda ba ta iya biyan haya a garin da aka haife ta. A Abersoch da ke arewacin Wales, inda gidajen hutu suka yi yawa, an rufe makarantar firamaren ƙauyen a ƙarshen 2021 saboda ɗalibai sun yi ƙaranci.

Rufe wannan makaranta ya yi wa mutane ciwo fiye da yadda baƙo zai zata, domin da harshen Welsh ake koyarwa a cikinta. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen su 538,300 ne, wato kashi 17.8 cikin ɗari na mazauna Wales masu shekara uku zuwa sama, ƙasa da kashi 19 da aka samu a 2011. Gwamnatin Wales na fatan su kai miliyan ɗaya kafin 2050. Amma harshe a bakin yara yake rayuwa, a kanti da filin wasa, kuma ƙauyukan gaɓar teku na arewa da yamma suna cikin wuraren da ya fi ƙarfi. In matasa suka tashi, da harshen suke tafiya. Fushin ba na yau ba ne. Daga Disambar 1979 zuwa farkon shekarun 1990, wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta cinna wa gidajen hutu sama da ɗari biyu wuta. Ƙone dukiyar mutane ta'asa ce, ba ta da hujja. Sai dai damuwar da ta haifi wutar ba ta mutu ba, ta koma zauren majalisa.

Daga Afrilun 2023 an ba ƙananan hukumomi ikon ƙara harajin gida har kashi 300 cikin ɗari a kan gidan da ba shi ne ainihin mazaunin mai shi ba, wato ya biya ninki huɗu. Ƙaramar hukumar Gwynedd ta sa kashi 150. Pembrokeshire, inda Tenby take, ta kai kashi 200 a 2024, sannan ta sauko zuwa 150 a shekarar da ta biyo baya, bayan koke-koken masu harkar yawon buɗe ido. Akwai kuma dokar da masu gidajen haya suka fi kuka da ita, wadda suke kira dokar kwana 182. A da, in gida yana kasuwa kwana 140 a shekara, aka kuma kama shi kwana 70, ana lissafa shi a matsayin sana'a, harajinsa ya yi sauƙi. Yanzu sai ya kasance a kasuwa kwana 252, kuma a kama shi kwana 182. In ya gaza, ya koma layin harajin gida. A 2025 majalisar Wales ta kuma amince da harajin kwana: fam 1.30 a kan kowane baƙo a kowane dare a yawancin masaukai, wanda kowace ƙaramar hukuma za ta zaɓi karɓa ko bari, daga 2027.

A ganina manufar waɗannan dokoki daidai ce. Garin da ba malamin makaranta, ba ma'aikaciyar jinya, ba matashin da zai shiga jirgin ceto da tsakar dare, ba zai daɗe yana karɓar baƙi ba. Amma kwana 182 ya yi tsauri ga wasu. Manomin da ya gyara tsohon ɗakin ajiya a gonarsa don ya samu na cefane bai ƙwace gidan kowa ba, kuma cika rabin shekara da baƙi a ƙasar da ruwan sama da sanyi ke korar mutane ba ƙaramin aiki ba ne. Bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da kamfanin da ya saye layi guda a tsakiyar gari ba. Haraji kaɗai kuma ba ya gina gida. Kuɗin da aka tara ya kamata a gan shi a sababbin gidaje masu sauƙin haya.

Ba ina cewa a fasa zuwa ba, domin dubban iyalai a Pembrokeshire da baƙi suke ci. Mai karatu, in za ka kama gida a Tenby ko wani gari irinsa, ka tambayi wane ne mai shi, ka fifita wanda ke zaune a yankin. In hali ya yi, ka je a watan Mayu ko Oktoba, lokacin da kuɗi ya sauka kuma garin ke neman baƙi. Ka yi cefanenka a kantunan garin, ka rage hayaniya da dare, domin maƙwabcinka na bayan bango da asuba zai fita aiki.